Salular Yaya Zaharaddini

Dakoro, ranar Talata

Zuwa ga maigidana, Baban Hafiza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zafin daji? Ina fatan kana cin abinci a kan lokaci, ko da yake na san halinka, in ba a tsaya a kanka ba shayi kaɗai za ka wuni a kai. Mu nan lafiya lau, sai haƙuri. Hafiza tana gaishe ka, kullum sai ta tambaya yaushe za a gama yi wa shanu allura ka dawo. Tunda inda kuke babu rezo, wayar salula ba ta shiga, na ba direban motar kasuwa wannan takarda, ya ce zai bar ta a Bader Goula wurin abokin aikinka.

Tun da ka koma daji, gidan ya yi shiru. Ƴan zaman makoki sun watse, an naɗe tabarmi, an mayar da tukwanen aro. Ni har yanzu ina gidan Inna, daga nan nake zuwa lakwal koyar da yara. Aziza matar Yaya ta shiga takaba, tana ɗakinta, ba ta cika magana ba. Buhunan hatsin da Yaya Zaharaddini ya sayo daga Ɗan Gulbi suna zaure yadda ya jingine su. In na ji babur ya tsaya a ƙofar gida sai in miƙe, kafin in tuna.

Maganar ɗan'uwana Zakiru ce ta sa na rubuto. Ka san hukuncin da Inna da Kawu Jimrau suka yanke tun ranar da aka kai Yaya makwancinsa, cewa kada a faɗa wa Zakiru rasuwar. Yana can Tamanrasset kwance da karaya tun da ya faɗo daga kan ginin da suke yi, ba ɗan'uwa a kusa. Kawu ya ce in ya ji, da ɗorin a ƙafarsa zai hau motar hamada, kuma kowa ya san hanyar nan a lokacin zafi. Inna ta ce ta rasa ɗa ɗaya, ba za ta iya zaman jiran labarin na biyu ba. Don haka sai an kwance ɗorin ya taka da ƙafarsa, sannan a ce masa jikin Yaya ya yi tsanani ya taho gida, yadda ake yi wa kowane matafiyi. Kawu ya bi dangi gida-gida ya hana sa hoton mamaci a salula, ya je har fadar su Yaya, inda suke zaman hira, ya roƙi abokansa. Shi Zakiru an ce masa Yaya ya shiga ƙauyuka sayen hatsi, kuma salularsa ta faɗi, ba a jin magana da ita.

A duk shirin nan na manya babu wanda ya tuna da wasa. Ina nufin wasan kama dodanni na salula, wanda kake yi mana dariya a kansa, kana cewa malamar lakwal guda tana kiwon aljanu. Tunda ba ka taɓa yarda ka duba ba, bari in faɗa maka yadda yake. Da can kowa shi kaɗai yake kama dodanninsa, ya rene su, ya sa su faɗa da na wani. A farkon bazarar nan masu wasan suka fito da sabon tsari. Mutum uku ne za su haɗa ekip su kara da wasu uku, kuma dole duka ukun su shigo lokaci ɗaya. In ɗaya bai zo ba an cinye ku ba tare da an yi faɗa ba, sunansa kuma ya fito da ja a gaban sauran. Yaya ne ya haɗa mu, shi da ni da Zakiru, ya sa wa ekip ɗin suna Ɗakin Inna. Ya ce tunda Zakiru yana kwance a ƙasar mutane ba abin yi, duk Juma'a bayan la'asar mu taru a nan mu ɗebe masa kewa.

Juma'ar da ta wuce, muna cikin zaman makoki, ban ko kalli salula ba. Jiya da hantsi na buɗe na tarar da saƙonnin Zakiru. Ya yi mana tas, ni da Yaya. Ya ce ya wuni yana jira, an cinye mu a banza, kuma in wannan Juma'ar Yaya bai shigo ba zai kira abokansa ɗaya bayan ɗaya har sai an haɗa shi da shi. Ya ce ƙauyen da babu rezo sam-sam ba Yaya zai kwana a cikinsa ranar karawa ba, ya san halinsa. Gaskiya ya faɗa, kuma in ya fara kiran mutane wani zai fashe da kuka.

Na shiga wurin Aziza na karanta mata. Salular Yaya tana ƙarƙashin matashinta, ita ta san lambar buɗewa. Na ce mata ni ba zan iya riƙe salula biyu ba, faɗan yana da sauri. Sai ta ce ta sha zama kusa da shi yana yi, har ta san sunayen dodanninsa, in zan koya mata za ta gwada. Yau da na dawo daga lakwal muka fara. Da ta buɗe wasan, sunan Yaya ya yi kore a tawa salular, kamar yadda yake yi in yana nan. Sai da na fita tsakar gida na wanke fuska.

Ban sani ba ko daidai nake yi. Na dai san ba na son ɗan'uwana ya ji mutuwar yayansa shi kaɗai a ɗakin haya, babu mai dafa masa kafaɗa. Ka sa mu a addu'a. Ka gaida abokan aikinka.

Matarka,
Dela

Dakoro, ranar Lahadi

Zuwa ga Baban Hafiza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ya gajiya, ya jama'ar da kuke tare? Takardarka ta iso, da cukun da ka aiko wa Inna, ta ce a yi maka godiya. Hafiza ta ɗan yi mura amma ta warke. Inna tana nan, abinci ne dai sai an matsa mata.

Na karanta abin da ka rubuta, har sau biyu. Ka ce ƙarya ƙarya ce ko a cikin wasa, kuma sa sunan mamaci yana motsi ba abu ne mai kyau ba. Na ji. Amma Baban Hafiza, da sauƙi mutum ya faɗi haka yana can cikin shanu. Ba kai ne Zakiru yake kira kullum yana tambayar ina Yaya ba. Ba ni na yanke hukuncin ɓoyewa ba, manya suka yanke, suka bar ni da riƙon bakin zaren. In kana da wata dabara ka aiko da ita, wallahi zan karɓa hannu biyu. Ka yi haƙuri da zafin maganata, ba da kai nake ba.

Mun yi karawa biyu yanzu. Muna zama a ɗakin Aziza a kan tabarma, ita da mayafin takabarta, mu tura ƙofa. Ta farko mun ci. Da ka ga murnar Zakiru da ka tausaya masa. Ya cika wurin saƙo da tsiya, yana ce wa Yaya ɗan kasuwa ya tuna da talakawansa. Ni nake karɓar salular in ba shi amsa, don na san bakin Yaya, gajeriyar magana mai cizo. Na rubuta masa cewa gurgu ya yi shiru manya na aiki. Ya aiko da dariya. Aziza ta karanta, ta yi murmushi, shi ne na farko da na gani a fuskarta tun ranar. Bayan nan ta juya ta fuskanci bango, ni kuma na tashi na ba ta wuri.

Aziza tana da kai, ta koyi abin da sauri fiye da yadda na zata. Dodon da Yaya ya fi so wani ƙato ne mai jikin dutse, ya sa masa suna Buhu. Na Zakiru ɗan ƙarami ne mai gudu, Kabu-kabu. Tawa tsuntsuwa ce mai warkar da rauni, ita ce Ungozoma. Duk ta san aikin kowane. Matsalar ɗaya ce, kuma ita ke damuna.

A sabon tsarin akwai ma'aunin ƙarfi guda ɗaya na ekip duka, mu muna ce masa ƙwarya. Tana cika a hankali ana cikin faɗa, wanda ya riga dannawa shi ya kwashe, dodonsa ya yi babban duka, sauran su jira ta sake cika. To Yaya, Allah ya jiƙansa, bai taɓa barin ƙwaryar nan ta kai rabi ba. Kwashewa yake, ko Zakiru na ihu. Haka yake tun muna yara, in an ajiye mana tuwo shi ke fara kai hannu kan nama, ya ce babba ne. Akwai kuma wani motsi da mutum zai sa dodonsa ya shiga gaban na ɗan'uwansa ya tare masa duka. Yaya bai taɓa yi wa Zakiru wannan ba. Cewa yake a bar shi ya sha, haka zai koya.

Aziza kuwa ta kasa. Ƙwarya za ta cika fal, yatsanta na kai, amma sai ta jira. Na ce mata danna, ta ce bari Zakiru ya fara. Na ce Yaya ba ya jira, ta ce ta sani. Ka san ta, shekarun da ta yi a gidan nan ba ta taɓa zuba wa kanta abinci ba sai ta ga kwanon kowa ya fita, kuma in nama bai isa ba ita ce za ta ce ba ta so. Hannun ya saba. Da an nufo Kabu-kabu da duka kuwa, kafin in buɗe baki ta riga ta jefa Buhu a gabansa. Na yi mata faɗa sosai, har na ji kunyar kaina, mace na cikin takaba ina koya mata haɗama. Ta ce za ta gyara. A karawa ta biyu ta kwashe ƙwaryar sau ɗaya, ta ce mini ji ta yi kamar ta ƙwace abinci daga bakin mara lafiya.

Wata tsohuwa daga cikin maƙwabta ta leƙo ta gan ta da salula, magana ta fara yawo cewa matar Zaharaddini ko wata ba a yi ba tana wasa. Na so in je in same ta, Inna ta hana. Ban taɓa yi wa Inna bayanin abin da muke yi ba, ita ma ba ta tambaya ba. Amma ranar Juma'a da aka ɗauke kuran tun safe, ba wutar lantarki ko'ina, ita da kanta ta ɗauki salular Yaya ta aika da ita shagon mai sharji da hasken rana, ta ce a dawo da ita kafin la'asar.

Zakiru ya ce ƙafar tana sauƙi, mai ɗorin ya ce saura kaɗan. Allah ya kai mu lafiya. Ka kula da kanka, ka riƙa rufe kai in za ka shiga rana.

Taka,
Dela

Dakoro, ranar Asabar

Maigidana,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya haƙuri da rashinmu? Na ji an ce hadari ya fara haɗuwa ta wajen Roumbou, mu nan sai zafi da iska. Mutane sun fara gyaran gona. Gonar Yaya Kawu ya ce zai sa a share. Hafiza na gaishe ka, ta ce ka taho mata da ɗan akuya kamar yadda ka yi alkawari, ni dai ban ce komai ba.

Na gode da maganarka ta wancan karon. Da ka ce ka fahimce ni ko da ba ka yarda ba, sai na ji nauyin ya ragu. Amma yau ma ba labari mai daɗi zan ba ka ba.

Zakiru ya canza, kuma na rasa gane kansa. Ya daina tsokana a wurin saƙo. Da can kafin a fara karawa sai ya cika mu da surutu, yanzu sallama kawai yake yi, in an gama ya ce sannunku da ƙoƙari. Ni Zakiru zai ce wa sannu da ƙoƙari? Mutumin da tun muna yara bai taɓa yaba mini ko da wankin kwano ba. Ya kuma daina cewa a haɗa shi da Yaya. Da farko na ji daɗin hakan, don ƙaryar salula ta fara ƙarewa a bakina. Yanzu shirun ya fi tambayar damuna. In ya kira Inna gaisuwa ce gajera, ya tambayi jikinta, ya ce ta riƙa cin abinci. Rannan ya tambaye ni Aziza, ya ce tana lafiya, tana samun barci? Na ce lafiyarta lau. Ya ce to madalla, a gaishe ta. Na ce a raina zaman ɗaki ne da ciwon ƙafa suka sanyaya shi.

A wasan ma haka. Mun hau mataki, yanzu da ƙwararru ake haɗa mu, waɗanda ba sa yafe kuskure. Jiya ƙwarya ta cika, Aziza ta jira Zakiru kamar kullum, shi kuma ya ƙi taɓawa. Ni tsuntsuwata ba ta duka, ba abin da zan yi da ita. Haka muka tsaya ƙwarya cike, kowa na jiran kowa, har mutanen can suka share mu. Na hasala na karɓi salular Yaya na rubuta masa baƙar magana da sunan Yaya, na ce in ba zai yi wasa ba ya faɗa a nemi wani. Da Zakirun da ne, da ya rama har da ƙari. Sai ya rubuto cewa a yi haƙuri, laifinsa ne. Na daɗe ina kallon saƙon nan. Raina bai so ba ko kaɗan.

Aziza ta rame. Ranar Juma'a tun safe take shiga damuwa, ba ta iya cin komai sai an gama. Ta ce mini duk lokacin da ta buɗe wasan ta ga Buhu tsaye yana jira, sai ta ji kamar an ce mata mai shi ya fita ne zai dawo. Na ce to mu bari haka, in san abin da zan faɗa wa Zakiru. Ta ce a'a, ta fara, za ta kai shi har ya taka ƙafarsa.

Yau da safe na je na sami Kawu Jimrau a gida. Na durƙusa na ce masa abin ya isa, a faɗa wa Zakiru, ko a samu wani dattijo ɗan ƙasarmu a can ya je ya zauna da shi ya faɗa masa. Kawu ya saurare ni har na gama. Ya ce shi ma ba ya barci da maganar nan, amma ya taɓa ganin wanda aka faɗa wa mutuwa yana kan hanya, kuma bai iso gida ba. Ya ce saura ƙiris a kwance ɗorin, in ƙara haƙuri, kada yarinya ta rushe abin da manya suka gina. Idonsa ya kawo ruwa yana maganar. Na tashi na dawo.

Ina jin tsoro, Baban Hafiza, kuma ban san takamaimai abin da nake tsoro ba. Da kana nan da na samu wanda zan yi wa ƙorafi da baki. Ka gama ka dawo. Inna tana sa maka albarka.

Matarka mai kewarka,
Dela

Dakoro, ranar Asabar

Zuwa ga Baban Hafiza,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Mu nan lafiya. An yi ruwan farko shekaranjiya, wasu har sun yi shuka. Hafiza lafiyarta lau. 

Zakiru ya sani. Bari in faɗa maka yadda aka yi, daga farko.

Jiya Juma'a muka shiga karawa kamar kullum. Tun da aka fara na ga abin da yake yi. Ya ɗauki Kabu-kabu, ɗan ƙaramin dodon nan da duka biyu ke kayar da shi, ya kai shi gaban Buhu ya tsayar. Duk dukan da aka kawo wa Buhu shi yake tarewa. Aziza tana ƙoƙarin shiga gabansa, shi yana sake zagayowa gabanta. Ina warkar da shi yana komawa. Ba a jima ba aka kashe shi, sannan aka bi ta kanmu. Muna zaune sai saƙo ya shigo a salular Yaya. Aziza ce ta fara gani. Ga abin da ya rubuta: Aziza, ya haƙuri? An kwance mini ɗori yau, na taka. Ku ba Inna salula.

Aziza ta ajiye salular a kan tabarma ta rufe fuska da mayafi. Ni na kira shi. Ban san me na fara cewa ba, ina jin haƙuri nake ta ba shi. Muryarsa a kwance take, bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na fi jin sauƙi.

Ya ce tun karawar farko ya san ba hannun Yaya ba ne. Yaya bai taɓa bar masa ƙwarya ba, bai taɓa tare masa duka ba. Da farko ya ɗauka Yaya ba shi da lafiya ne ya ba wani aboki ya riƙe masa. A karawa ta biyu ya lura da yadda mai hannun yake jira sai kowa ya samu kafin ya taɓa, ya ce a duk gidanmu mutum ɗaya ya sani mai wannan halin. Daga nan ya zauna ya yi lissafi. Me zai sa salular Yaya ta zauna a hannun Aziza duk Juma'a, ita ba ta fita ko'ina, shi kuma ba a jin muryarsa, Inna kuma tana magana kamar mai ciwon maƙogwaro?

Na ce to me ya hana ka tambaya? Ya ce ya ɗauki salula zai kira abokan Yaya ya fi a ƙirga, sai ya ajiye. Ya gane dalilinmu, ya san ƙafarsa muke jira, kuma ya ga wannan ɓoyon shi ne abin da ya rage wa Inna take riƙe da shi. Ya ce in ya nuna ya sani, Inna za ta koma kwana da tsoron yana kan hanya. Don haka ya yi shiru, yana shigowa duk Juma'a don mu ga sunansa ya yi kore mu san yana nan kwance inda muke so. Mu muna wasa don kada ya sani, shi yana wasa don kada mu san ya sani.

Abin da ya faɗa bayan nan shi ne ya hana ni sukuni. Ya ce a duk makonnin nan abin da ya fi ƙafar ciwo shi ne addu'a. In ya idar da salla ya ɗaga hannu, sai ya rasa me zai roƙa wa Yaya. Ba zai ce Allah ya jiƙansa ba, don ba wanda ya ce masa ya mutu, yana tsoron ya yi wa mai rai addu'ar matattu. Ba zai ce Allah ya ba shi lafiya ba, don zuciyarsa ta san babu wanda za a ba. Sai ya riƙa ambaton sunansa kawai ya shafa. Ya ce wata rana ya ba wani abokin ɗakinsu ya sayo dabino ya raba a masallaci, aka tambaye shi sadakar wa, ya ce ta wani ce.

Abin da muka ce ba ma so, ya ji shi kaɗai a ɗakin haya, shi ne ya faru, kuma ya daɗe a cikinsa fiye da in da an faɗa masa tun ranar. Mu nan an zo mana gaisuwa daga Maradi, daga ƙauyuka, an zauna da mu, an yi kuka tare da mu. Shi ko mutum ɗaya bai ce masa ya haƙuri ba.

Na kai wa Inna salular tana bakin murhu. Na ce Zakiru ne, ya taka ƙafarsa. Ta karɓa. Ina tsaye ina jin muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce mata ba zai hau hanya ba sai ta ba shi izini, ta kwantar da hankalinta, abu ɗaya yake roƙo, ta faɗa masa da bakinta. Inna ta zauna a ƙasa. Ta ce masa yayanka ya rasu, zazzaɓi ne, bai daɗe yana jinya ba, an yi masa sutura an kai shi kusa da Baba. Sai a lokacin na ji ya ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya jiƙan Yaya. Ya maimaita ta, ya sake maimaitawa, sannan kukan ya zo. Inna ta riƙe salular a kunne har ya gama, ba ta katse shi ba.

Kawu ya zo da yamma, aka faɗa masa. Ya kira Zakiru ya fita waje da salular. Inna ta ce Zakiru ya bari ƙafar ta yi ƙwari kuma zafi ya sauka kafin ya taho, ya ce to. Aziza ta kashe salular Yaya ta ba Inna ta ajiye. Yau ta ci abinci.

Ina roƙonka abu ɗaya. Ranar da ka fito inda akwai rezo, kada ka fara kirana, ni zan iya jira. Ka kira Zakiru ka yi masa gaisuwa cikakkiya, irin wadda ake yi a ranar farko, kuma ka faɗa wa duk wanda ya san shi a can ya kira. Mu mun yi namu zaman makokin mun tashi, nasa jiya ya fara.

Allah ya jiƙan Yaya Zaharaddini, ya dawo mana da kai lafiya. Inna da Aziza da Hafiza suna gaishe ka.

Matarka,
Dela